Ramuka Huɗu a Bangon Dalhatu

A Bafarawa kowa ya san Malami da waige. Ko masallaci za shi, sai ya juya sau biyu ya dubi ƙofar gidansa kafin ya sha kwana. Abokan majalisa sun daɗe da sa masa suna Mai-waige, shi kuwa ba ya musu. Yakan ce mutumin da Allah ya ba ʼyaʼya biyar a wannan yanki, a wannan zamani, in bai yi waige ba to bai san inda yake zaune ba.

Yana noma gero da dawa, da kaka kuma yakan tara wake ya sayar wa fataken da ke tsallakawa Nijar. Bai tara ba, amma bai rasa ba, kuma duk ƙoƙarinsa shi ne kada a gane bai rasa ba. Ranar da ya sayo sabon babur, kafin ya shigo gari sai da ya shafe tankin da baƙin mai, ya ɗaure kujerar da robar tsohuwar taya. Ya san yadda mutanen daji, masu satar mutane don kuɗin fansa, suke aiki. Ba sa shiga gida haka kawai. Ko dai a nuna musu, ko kuma gidan ya nuna kansa.

Abin da ya hana shi sukuni a daminar nan shi ne Khairat, babbar ʼyarsa mai shekara goma sha uku. Wata malamar asibiti da ke zaune can gefen gari, wajen hanyar Kamarawa, ta sa talabijin. Kullum bayan la'asar sai Khairat da ƙawarta Radiyya, ʼyar maƙwabcinsa Dalhatu tela, su ja ƙannensu su tafi kallo. Ba sa dawowa sai ana shirin kiran magariba. Daga gidan malamar kuwa gonaki ne kawai har daji. Malami ya hana, an yi kuka, an koma bayan kwana biyu. Ya sake hanawa, aka fara tafiya a ɓoye, abin da ya fi na farko muni.

Wata safiya ya hau tudun da ke bayan makarantar firamare, inda waya take kamawa, ya kira Nasiruddeen, mai shagon haɗa dishi da sola a Sabon Birni, wanda kowa ke ce wa Injiniya.

"Injiniya, dishi nike so. Amma ƙarami."

"Baba Malami, ƙarami ba ya kamo tashoshin Hausa duka. Matsakaici za ka saya, da risiba mai kamo tashoshin, da talabijin mai aiki da batir, da faranti guda na sola."

"Shi matsakaicin, ana ganinshi daga nesa?"

Nasiruddeen ya yi dariya har wayar ta yi ƙara. "Baba, dishi ai ba laya ba ce da za a ɓoye ƙarƙashin riga. Sama yake kallo, kuma sai sama ta gan shi."

Malami ya dubi gonakin da ke ƙasan tudun. Sannan ya ce a sayo, amma da sharaɗi: in za a kawo, a naɗe komai a tabarma, kwalaye kuma a zuba su a buhun taki.

Kwana tara aka yi kafin kayan su iso daga Sakkwato. Nasiruddeen ya shigo da hantsi a kan babur, dishin a bayansa naɗe da tabarma, amma gefensa fari ya leƙo. Hajjo, tsohuwar da ke suyar ƙosai a kusurwar layin, ta ɗaga matsami ta nuna.

"Malami! Wane biki za ka yi da ka sayo kaskon suya haka ba ka gaya mani ba? Ko sana'ata za ka ƙwace?"

"Inna, rage murya don Allah."

"Murya tawa ce, ba ta haya ba," in ji ta, ta ci gaba da juya ƙosanta.

Nasiruddeen bai ɓata lokaci ba. Ya harhaɗa dishin a tsakar gida, ya ɗaura masa abin da yake kira ido a bakin sandar da ke gabansa, ya jona wata ʼyar mita mai girman sabulu. Ya ce ita ce ke faɗin gaskiya, in an dace da tauraron sai ta yi fito. Ya jingina tsani, ya hau kan zauren Malami, ya riƙe dishin da hannu biyu yana juya shi a hankali. Mitar ta fara da siririn kuka, can sai ta ɗauke da fito mai kaifi, dogo, har awakin gidan suka ɗaga kai.

"Nan ne, Baba! Ko hadari ya taso da wuya hoto ya yanke."

Malami ya fita waje, ya ja da baya har tsakiyar layi, ya ɗaga kai. Ga abin nan fari tas a kan zaurensa, rana tana dukansa. Duk wanda ya fito daga hanyar daji, shi zai fara gani kafin hasumiyar masallaci. 

"Sauko, Injiniya. Gwada cikin gida."

An gwada cikin gida. Kusa da rijiya dogonyaro ya tare. Kusa da madafa rumbu ya tare. Mitar ta yi gum kamar an toshe mata baki. Nasiruddeen ya share gumi, ya duba ko'ina, sai idonsa ya sauka a kan wani bango mai tsawo a gabashin tsakar gidan. Bayan ɗakin Dalhatu ne, ɗaki guda na bulo da marigayi wansa ya gina masa, kuma shi ne iyaka tsakanin gidajen biyu. Ya matsar da tsanin ya hau. Mitar ta yi fito, ko da yake bai kai na zaure ba.

"Nan ma ya kama, amma zaure ya fi."

Malami bai sake fita layi ba, don ba ya bukata. Ya riga ya hango a zuciyarsa yadda abin zai zauna. Dishin zai ɗago sama da kwanon ɗakin Dalhatu, wayarsa ta sauko ta cikin gidan Malami inda ba mai gani. Mai wucewa zai ce na Dalhatu ne. Tunanin ya zo masa a cike, kuma bai kore shi ba.

"Nan za a sa. In mai ɗakin ya tambaye ka, ce nan kaɗai ya kama."

"Baba, zaure ya fi, na gaya maka."

"Ni na kira ka, ko zaure ya kira ka?"

Nasiruddeen ya dube shi daga saman tsani. "Aikinka ne, inda ka ce nan za ni sa. Amma ƙarya ba za ni yi ba. Shiru dai za ni yi."

Saboda haka Malami da bakinsa ya je ya faɗa. Ya sami Dalhatu a zaurensa kan keken ɗinki, tef rataye a wuya, allura a gefen baki. Tare suka yi firamare, tare aka kore su daga aji huɗu saboda satar mangwaro, tare aka mai da su. Malami ya ce masa an gwada ko'ina, ba inda ya kama sai bangon ɗakinsa.

Dalhatu ya zare allurar daga baki. "Kai, Mai-waige, wanga har sai ka tambaya? Tun da munka tashi, ka taɓa jin wanda ya hana maƙwabci kafa itace a bangonshi? Ko liman ya faɗa, haƙƙi ne, ba alfarma ba. Ka huda. In ka so ka ɗauke bangon gaba ɗai. Sharaɗina guda: ranar da za a nuna dambe, wurin gaba nawa ne."

Bai tsaya nan ba. Ya bar ɗinkin ya zagayo, shi ya riƙe wa Nasiruddeen tsani, ƙurar bulo tana zubo masa a hula, har aka huda ramuka huɗu aka ɗaure ƙarfen da noti. Malami yana gefe yana miƙa abin da ba a ce ya miƙa ba. Kowane bugun guduma yana jinsa a haƙarƙarinsa.

Da azahar hoto ya fito. Abin da aka fara kamowa shi ne Ka'aba, jama'a suna ta kewayawa cikin fararen kaya. Safiyatu, matar Malami, ta dafe ƙirji tana salati. Hajjo ta bar kaskonta ta shigo, ta zauna a bakin ƙofa ta ce kada wanda ya taɓa komai. Khairat da Radiyya kuwa tuni sun fara gardamar wa za ta riƙe rimot.

Malami ya sami abin da yake nema. Ba wanda ya sake zuwa gefen gari. Radiyya ma ba ta fita layi, akwai wata ʼyar kafa a katangar da mata suka daɗe suna miƙa wa juna gishiri ta ciki, ta nan take ratsowa. In an kira magariba ʼyaʼyansa biyar suna gabansa. Amma shi ko sau ɗaya bai zauna ya yi kallo ba. In ya shigo ya ji muryar talabijin, sai ya tuna yana da abin dubawa a rumbu.

ʼYan unguwa sun san na wane ne dishin. Amma Bafarawa garin kasuwa ne, kuma masu kawo wa Dalhatu ɗinki daga ƙauyuka suke zuwa. Su abin da suka gani a kan kwano shi suka sani. Cikin mako uku sunansa ya koma Alhaji mai tauraro. Da fari yakan gyara musu.

"Ba nawa ba ne, na Malami ne."

"Wane Malami? Wanda kujerar baburshi ke ɗaure da roba? Haba, Alhaji, ba roƙonka za mu yi ba."

A kwashe da dariya. Sau biyu aka yi haka Malami yana zaune a wurin, kuma sau biyun ya taya su dariyar. Daga baya Dalhatu ya gaji da musu. In an ce Alhaji mai tauraro sai ya karkata hula ya ce, "Na'am, wa ke neman tasha?" Abin yana masa daɗi, mutumin da bai taɓa mallakar abin da ya wuce keken ɗinki da ʼyar gona da awaki biyu ba.

Wata ranar Juma'a ya shigo da ƙunshi. Ya haɗa ragowar shadda ruwan toka ya ɗinka wa talabijin riga, har da leshi a baki, ya kuma yi wa rimot ɗan kube.

"Ƙura na kashe irin kayan nan," in ji shi. "Ni ba ni da abin da za ni ba ka, kullum ɗiyata na nan tana cinye maku wuri."

Malami ya karɓa ya yi godiya. Da Dalhatu ya fita, sai ya tsaya riƙe da rigar har Safiyatu ta zo ta zare ta daga hannunsa.

Gero ya yi tsawo ya fara fitar da kai, lokacin da mutum a kan babur zai iya shiga gona ya ɓace. Wata safiya Malami ya tsaya sayen ƙosai, Hajjo ta zuba masa, amma ba ta saki takardar ba.

"Jiya da la'asar wasu mutum biyu sunka tsaya nan. Babur guda. Ban san fuskarsu ba, kuma ni ba fuskar da ban sani ba a kasuwar ga."

"To?"

"Sunka ci ƙosai, ɗayan na ta kallon sama. Ya ce, gidan nan mai dishi na tela ne ko? Na ce gidan na tela ne. Ya ce, ashe ɗinki na kawowa haka. Sannan ya ce, ɗiyanshi nawa?"

Malami ya matso kusa da kaskon. "Kika ce mi?"

"Na ce ni ƙosai nike ƙidayawa, ba ɗiyan mutane ba." Ta rage murya, abin da bai taɓa jin ta yi ba. "Na buɗe baki za ni ce dishin ba nashi ba ne, na Malami ne. Sai na tuna kai ma ɗiya gare ka. Na yi shiru. Wataƙila fatake ne masu surutu, Allah ya sa. Amma ka ga, ɗana, jiya ko gyangyaɗi ban yi ba, kuma ba ni na kafa abin nan ba."

Yana tsaye a wurin, takardar ƙosai tana ƙona masa hannu, sai ga Radiyya ta fito daga gida da ƙwaryar fura a ka. Da damina Dalhatu yakan yi safiya a ʼyar gonarsa da ke hanyar Kamarawa, ita ke kai masa.

"Baba Malami, ina kwana? A ce wa Khairat kar ta zauna mani a wuri, yau ake ƙarasa shirin nan."

"Tsaya nan. Kar ki motsa."

Ya tura babur ya fito, ya ɗauke ta. Duk tsawon hanyar, tsakanin gero hagu da dama, yana waige har babur yana karkata, furar tana zuba a hijabinta. Dalhatu ya hango su ya jingina da hauya.

"Yau kuma ɗiyata kake wa waige? Naka biyar ba su ishe ka ba?"

Malami ya ja shi gefe ya gaya masa abin da Hajjo ta ce. Dalhatu ya fara da dariya. "Mi za su samu wurina? Almakashi?" Amma dariyar ba ta yi nisa ba. Ya juya ya dubi Radiyya, tana tsugune tana dama furar da ludayi tana ʼyar waƙa. Ya daɗe yana dubanta.

"Dishin ne ko?"

"Ina jin shi ne."

Dalhatu ya dafa kafaɗarsa. "To kar ka sa wa ranka. Ba laifinka ba ne, nan kaɗai ya kama. Abin da Allah ya rubuta ba bango ke kawo shi ba."

Maganar tana bakin Malami, har ya ji ɗacinta. Ya haɗiye ta. Ya ce dai daga yau shi zai riƙa kawo furar.

Da ya koma gida ya sami Safiyatu tana tankaɗe a inuwar rumbu, yara sun tafi makaranta. Ya zauna a kan turmi, ya gaya mata duka, tun daga fiton farko a kan zaure. Ba ta daina tankaɗen ba sai da ya gama.

"Na lura tun da anka sa abin nan ba ka taɓa zama ka kalla ba," in ji ta. "Na ɗauka tsoron Allah ne. Ashe kunya ce."

"Za ni kira Injiniya ya sauke shi. A mai da shi kwali, a huta."

"A sauke a ɓoye? Malam, wanda ya gani ya riga ya gani. Sai su ce tela ya ji labari ya ɓoye, ashe kuwa akwai abin ɓoyewa."

"To in na ɗora a zaurena, ɗiyana fa? Khairat fa?"

Safiyatu ta ajiye rariyar. "Radiyya ɗiyar wa ce? Ka manta shekarar da Khadijatu, matar Dalhatu, ta kwanta zazzaɓi bayan haihuwa? Wata biyu ina shayar da su tare, Khairat a dama, ita a hagu. Kai da kanka ka je ka tambayi liman, ya ce maka daga ranar ɗiyarka ce, ko hijabi ba sai ta sa a gabanka ba. Kullum kana cewa biyar. Shida ne, Malam. Ka kare biyar, ka tura guda gaba."

Ta ɗauki rariyarta ta ci gaba. Malami ya tashi ya nufi tudun bayan makaranta.

Ya ce wa Nasiruddeen ya zo ranar kasuwa, kuma da rana tsaka, lokacin da layin ke cike da masu shigowa daga ƙauyuka. Amma ko a nan zuciyarsa ba ta kai ga faɗin gaskiya ba. Ya je ya ce wa Dalhatu wai Injiniya ya samo sabon ido mai ƙarfi, wataƙila yanzu ya kama a zaure. Dalhatu ya ce Allah ya sa, ya kuma ce ba don tsoro ba, da shi bai ƙi a bar masa sarautarsa ta tauraro ba.

Ranar kasuwa aka kwance notin nan huɗu. Nasiruddeen ya fito da dishin ta ƙofar gida, ba tabarma, ya jingina tsani a zaure ta wajen layi. Mutane suka fara tsayawa, masu buhuna a kan jakuna, masu kaji a hannu. Dalhatu ya bar kekensa ya zo ya riƙe tsanin kamar wancan karon. Nasiruddeen ya hau, ya jona mita, ya juya dishin kaɗan. Fiton ya tashi, mai kaifi, dogo.

Dalhatu ya ɗaga kai. Ya saurara har fiton ya ƙare.

"Wanga kukan na san shi," ya faɗa a hankali. "Ranar farko ina kan keke na ji shi, daga nan saman, tun ba ku zo wurina ba. Na ɗauka wayar wani ce." Ya ɗaga murya. "Injiniya, sabon idon ne ya kama haka?"

Nasiruddeen ya dubi Malami, ya dubi mitarsa. "Baba Dalhatu, idon dai shi ne na da."

Dalhatu bai saki tsanin ba, don akwai mutum a sama. Ya dai juyo da fuskarsa ga Malami, ya jira.

"Ya kama a nan tun ranar," in ji Malami. Ya sake faɗa da ƙarfi. "Ya kama a nan, ya ma fi kamawa. Na fito na ga ana hango shi daga hanyar daji, na ji tsoro. Na ga in an sa a bangonka, kai za a ce. Ba kuskure na yi ba, Dalhatu, na sani na yi."

 Malami ya juya ga mutanen da suka taru, waɗanda ya sani da waɗanda bai sani ba.

"Jama'a, dishin ga nawa ne, ni Malami. Ni na sa anka sayo shi daga Sakkwato, talabijin na cikin ɗakina. Dalhatu bango kawai ya ara mani. Wanda ya ji ya gaya wa wanda bai ji ba."

Wani daga baya ya ce, "Mai babur ɗin roba?" Biyu ko uku suka yi dariya. Malami ya je inda babur yake jingine, ya ciro wuƙa ya yanke robar, sabuwar kujera baƙa ta fito tana sheƙi. Dariyar ta mutu.

Sai da Nasiruddeen ya ɗaure noti na ƙarshe ya sauko har ƙasa, sannan Dalhatu ya saki tsanin. Ya kakkaɓe hannuwansa, ya koma zaurensa. Jim kaɗan aka ji keken ya tashi, da gudun da ba na ɗinki ba.

Washegari aka toshe kafar katanga da zana daga ɓangaren Dalhatu. Radiyya ba ta zo ba. Khairat ta yi kuka, ta tambayi abin da ya faru, uwarta ta ce ta tambayi ubanta, shi kuwa ya gaya mata. Wannan ya fi masa wuya fiye da faɗa wa kasuwa.

A rana ta uku ya kwaɓa siminti a kwano, ya ɗauki cokalin gini, ya je ƙofar Dalhatu neman izinin toshe ramukan. Dalhatu bai ɗago daga ɗinkin ba.

"Bangon na wane ne?"

"Naka ne."

"To kar ka taɓa."

"Ruwa na iya shiga, damina ba ta ƙare ba."

"Ba su huda ciki ba, na duba. Ni daga ɗakina ba na ganinsu." Ya cije zare ya tofar. "Kai ke ganinsu."

Malami ya tsaya da kwanon a hannu. Dalhatu ya juya rigar da yake ɗinki, ya daidaita ta a ƙarƙashin allura.

"Da ka zo ka ce, Dalhatu, tsoro nike ji, ara mani bango, wallahi ban san mi za ni ce maka ba. Wataƙila in ba ka. Wataƙila in ce mu haƙura da kallon gaba ɗai. Amma da na san abin da nike riƙe wa tsani." Ya taka keken.

Tun daga ranar Malami ya mai da zamansa na la'asar ƙofar gida. Yakan shimfiɗa tabarma daidai ƙarƙashin dishin, babur a gefe, tanki a wanke. Safiya kuma yakan bi Radiyya daga nesa har ta shiga gonar ubanta, tunda an hana ta hawa bayansa. Tsoro bai bar shi ba, ƙaruwa ma ya yi. Duk ƙarar babur daga hanyar daji sai ya waiga.

Ranar kasuwar da ta zagayo, wani mutum da bai sani ba ya tsaya a gabansa, bai kashe babur ba. Ya ɗaga kai ya dubi dishin, ya daɗe.

"Malam, wanga na wane ne?"

Malami ya ji yaransa suna dariya a ciki. 

"Nawa ne."

"Gidan fa?"

"Nawa ne. Malami sunana."

Mutumin ya gyaɗa kai. Ya ce daga garin Isa yake, yana son irinsa, ko zai sami lambar wanda ya haɗa. Malami ya karanto masa lambar, ya yi kuskure sau biyu. Mutumin ya yi godiya ya tafi. Ko gaskiya ya faɗa, ko ba gaskiya ba, Malami ba shi da hanyar sani.

Da aka kusa magariba ya naɗe tabarma ya shiga. Ramukan nan huɗu suna nan a bangon gabas, ruwan jiya ya ja musu baƙin layi zuwa ƙasa. A ƙofar ɗaki ya ga takalma a zube, ya tsaya ya duba su ɗaya bayan ɗaya. Akwai wasu shuɗayen silifa da aka ɗinke maɗaurinsu da zaren tela. Na Radiyya ne, ta ƙofar gida ta zagayo, zanar tana nan ba a cire ba.

Ya leƙa. Dambe ake nunawa, makaɗa suna ta zuga. Yara shida sun jeru a bango, Safiyatu tana bayansu. A gaban talabijin, wurin da Dalhatu ya ce nasa ne ranar dambe, ta shimfiɗa buzu, ba kowa a kai, kuma ba yaron da ya matsa kusa da shi. Malami ya cire takalmansa ya shiga, ya zauna a ƙasa daga can baya kusa da ƙofa, inda zai ji in an yi sallama.